Daga Fata Zuwa Kabon: Tarihin da Ke Cikin Bat ɗin Ƙwallon Tebur

A Katsina, kamar sauran biranen Arewa, yawancin masu buga ƙwallon tebur da bat ɗin aro suke farawa, wanda mai tebur ke ajiyewa, robarsa ta suɗe, gefensa ya ciccije. Wahalar zaɓi takan zo ne daga baya, ranar da hannun mutum ya faɗa, ya fara murɗa ƙwallo da gangan, ya ga lokaci ya yi da zai haɗa nasa: katako daban, roba biyu daban. A nan ne da yawa kan zuba kuɗin da ba a samu da sauƙi ba a kan kayan da za su mayar da wasansu baya. Dalilin haka yana cikin tarihin bat ɗin kansa.

A Ingila wasan ya samo asali, wajen shekarun 1880, a matsayin abin nishaɗin masu hali bayan cin abincin dare. Bat ɗin farko fata ce aka ɗaure a kan zobe mai doguwar mariƙa, kusan yadda ake rufe ganga, kuma daga ƙarar da take yi aka sami sunan Ping-Pong, wanda kamfanin Jaques ya yi wa rajista a 1901. Ba da jimawa ba aka koma katako mai siririyar roba mai ƙuraje. Da irinsa Viktor Barna na Hangari ya ci kambun duniya har sau biyar a shekarun 1930. Wannan bat yana sauƙaƙa tsaro ƙwarai, har ya kai ga a gasar duniya ta 1936 a Prague, Alojzy Ehrlich da Farkas Paneth sun shafe fiye da awa biyu suna mayar wa juna ƙwallo a kan maki ɗaya tak. Bayan haka ne aka rage tsawon raga.

Juyin gaske ya zo a 1952, a birnin Bombay. Wani Bajapane, Hiroji Satoh, ya shigo gasar duniya da bat mai soso mai kauri. Soson yana haɗiye ƙwallo ya tofo ta da gudu da juyi, kuma ba ya ƙara, don haka waɗanda suka saba auna ƙarfin bugu da kunne suka rasa madafa. Satoh ya ɗauki kambun. Aka yi shekara bakwai ana jayayya, har a 1959 hukumar wasan ta duniya, ITTF, ta yanke hukunci: soso zai zauna a ƙarƙashin roba, kuma kaurinsu duka kada ya wuce milimita 4.

A cikin wannan iyaka aka ƙera kayan da suka fi dacewa da mai matsakaicin hannu. Robar Sriver ta kamfanin Butterfly ta fito a 1967, Mark V ta Yasaka a 1969, katakon Allround Classic na Stiga, mai falle biyar na itace zalla, shi ma a 1967. Da irin waɗannan aka ci gasannin duniya, kuma har yanzu ana sayar da su. Katako mai falle biyar yana ɗan lanƙwasawa, yana riƙe ƙwallo na ɗan lokaci, yana kuma aika wa tafin hannu labarin kowane bugu, mai kyau da marar kyau. Wannan labarin shi ne malamin da mai koyo ya fi buƙata, musamman inda masu horarwa suka yi ƙaranci.

Sai zamanin gam, wanda duk mai faci a Ƙofar Ƙaura zai gane sirrinsa. A shekarun 1970 wasu ’yan wasan Turai, ciki har da Tibor Klampár na Hangari, suka lura cewa idan aka manna roba da gam ɗin facin tayar keke gab da wasa, tururinsa na kumbura soson, ƙwallo ta ƙara gudu da juyi. Kusan shekara talatin ana wannan, ɗakunan gasa na warin sinadari, kafin a haramta shi a 2008 saboda lafiya. A shekarar ce Butterfly ta fitar da Tenergy 05, robar da aka gina wa wannan tsalle a jikinta tun daga masana’anta. A gefe guda an ƙara girman ƙwallo daga milimita 38 zuwa 40 a shekarar 2000 don rage gudu, an kuma koma ta leda a 2014. Kamfanoni suka mayar da martani da katako mai fallen kabon. Doka dai ta ce kashi 85 cikin ɗari na kaurin katakon ya zama itace, amma ɗan abin da ya rage ya isa ya sauya halin bat ɗungurungum.

Ke nan kayan da ake tallatawa a yau amsa ce ga matsalar zakaru, irin su Aruna Quadri, ɗan Afirka na farko da ya kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Olamfik, a Rio a 2016. Mutumin da ke atisaye kullum yana buƙatar abin da zai dawo masa da gudun da doka ta ƙwace. Ma’aikacin da ke wasa bayan La’asar sau uku a mako matsalarsa daban: ƙwallonsa ta sauka a kan tebur. Idan ya ɗauki kabon da roba mai tsalle, ƙwallo za ta riƙa wuce tebur, shi kuma, ba tare da ya lura ba, zai fara taƙaita hannunsa, ya daina cika bugu. Gyara wannan ɗabi’a ya fi koyon bugun wuya.

Abin da ya fi masa shi ne katako mai falle biyar, nauyin giram 80 zuwa 90, da roba mai santsin fuska wadda sosonta bai wuce milimita 1.8 zuwa 2.0 ba. Robobin Sin masu danƙo, irin su Hurricane 3, sun fi arha kuma suna ba da juyi sosai, sai dai suna son a buga da dukan jiki, sannan danƙon nan na kwashe ƙura, abin da ba a rasa shi a Katsina lokacin hunturu. Roba ta gaskiya tana ɗauke da tambarin ITTF a gindinta, kodayake masu jabu ma sun iya buga tambari, don haka farashin da ya yi araha fiye da kima abin zargi ne.

Ya kamata kuma a raba kuɗin da sanin cewa katako na iya shekaru goma, roba kuwa watanni take yi. Zafin bazara, da kan haura digiri 40 a watan Afrilu, yana busar da soso ya taurara fuskar roba, don haka bat ɗin da aka bari a cikin mota ko ƙarƙashin kujerar babur da rana ba zai kai damina da ƙarfinsa ba. Goge shi da ɗan ruwa bayan wasa, a rufe fuskarsa da leda, a sa a jaka, yana ƙara wa robar kwana.