Shari'ar Tsibirin Lete: Rasitin Haraji a Gaban Kotun Duniya

Yau za mu waiwayi wata shari'a da aka yi kan tsibirin Lete, wanda ke tsakiyar kogin Kwara, yamma da Gaya da Malanbil.

Lete ƙasa ce mai albarka. Idan ruwa ya janye, ciyawa takan fito, Fulani daga ɓangaren Nijar su sauka da shanu, manoma daga ɗaya gaɓar kuma su zo shuka. Lokacin mulkin mallaka abin bai zama na ƙasa da ƙasa ba, don Faransa ce ke riƙe da gaɓar biyu. Da Dahome, wato Benin ta yau, ta sami 'yanci ran 1 ga Agusta 1960, Nijar kuma ran 3 ga wata, sai tambaya ta taso: Lete na wa ne?

An zubar da jini a tsibirin a 1960. A ƙarshen 1963 rikici ya yi tsanani, har Nijar ta sallami 'yan Dahome da ke aikin gwamnati a ƙasarta, hanyar Kwatano ta toshe, kaya suka tsaya. Kun ga, faɗan makiyaya ya shafi ɗan kasuwa ke nan.

Sai a 2001 ƙasashen biyu suka sa hannu a Kwatano cewa za su kai maganar Kotun Duniya da ke Heg. Alƙalai biyar suka zauna. Benin ta ce iyakarta ta kai har gaɓar Nijar, ta kafa hujja da wata wasiƙa ta 1954 daga muƙaddashin gwamnan Nijar. Nijar ta ce a'a, iyaka ita ce inda ruwa ya fi zurfi, hanyar jiragen ruwa.

To, me kotu ta duba? Ta bi ƙa'idar nan ta riƙe iyakar da aka gada ranar 'yanci. Da takardun Turawa suka gaza fayyace layin, sai ta tambayi wanda ke gudanar da mulki a wurin. Aka samu wasiƙar kwamandan Gaya ta 1914 da ta raba tsibiran bisa hanyar jirgi, aka kuma ga cewa Gaya ce ke karɓar harajin mutanen Lete.

Ran 12 ga Yuli 2005 aka yanke hukunci. Cikin tsibirai 25, Nijar ta samu 16 har da Lete, Benin ta samu 9. Kotu ta ce iyaka a kan gadar Gaya da Malanbil tana bin iyakar da ke cikin ruwa. Ta kuma bayyana cewa rabon tsibiran bai soke haƙƙin da wani mutum yake da shi a kansu ba. Ƙasashen biyu suka karɓa.

Abin lura gare mu shi ne, rajistar haraji da wasiƙun ofis sun yi nauyi a wannan shari'a. Makiyayi mai tsallaka iyaka, adana takardar izinin ƙaura da katin rigakafin dabbobi. Ɗan kasuwa, kada ka yar da rasitin kwastan. Ranar da gardama ta tashi, su ne shaidarka. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.