Babban Yatsa ko Manuni: Tsohuwar Gardamar Libarba

Duk wanda ya kalli fina-finan kaboyi ya san yadda jarumin yake yi da bindigarsa. Kafin kowane harbi sai ya sa babban yatsa ya janyo ƴar gudumar da ke ƙeyar bindigar, ya ɗana ta, sannan ya danna kunama. Wanda kuma ya kalli fina-finan ƴan sandan Amurka ya ga wata libarba mai kama da ita, wadda ake jan kunamarta sau shida a jere babban yatsa bai motsa ba. Masana makamai na ce wa ta farko mai aiki ɗaya, ta biyu mai aiki biyu, kuma aikin kunama ake ƙirgawa. A ta farko kunama ba ta yin komai sai sakin gudumar da aka riga aka ɗana, don janyo gudumar da yatsa shi ke juya gangar harsasai ya kawo sabon harsashi saitin bututu. A ta biyu kuwa ja ɗaya shi ke ɗaga guduma, ya juya ganga, ya sake ta ta doki harsashi. An saba cewa ta farko tsohuwar yayi ce, ta biyu ta zo daga baya ta binne ta. Tarihi bai yarda da wannan labarin ba. Kusan tare aka haife su, sun shafe fiye da shekara hamsin suna takara, kuma a kowace ƙasa tambayoyi biyu ne suka riƙa raba gardamar: daga wace tazara ake zaton za a gwabza, kuma yaya hukuma ta amince da hannun da za ta danƙa wa bindigar.

Asalin rigimar yana cikin ƙarfen kansa. Guduma tana samun ƙarfinta ne daga wani sifirin mai tauri, wanda tilas a tanƙwara shi kafin kowane harbi, kuma dole wani yatsa ya sha wannan wahalar. In babban yatsa ya ɗauke ta, kunama kan yi laushi, matsin da bai wuce kilo biyu ba ya isa ya sake ta, tafiyarta kuma gajeriya ce ƙwarai, saboda haka bakin bindiga ba ya rawa, harsashi ya nufi inda aka auna. In aka bar wa manuni dukan aikin, sai ya ja nauyin kilo biyar ko fiye a tafiya mai tsawo, kuma hannun da bai ƙware ba yakan karkace kafin harbin ya fita. Abin da mai ita ya samu a madadin haka shi ne ba sai ya sauya riƙo ba, ba sai ya tuna wani mataki ba. Ga wanda ke auna abokin gaba daga taku hamsin, laushin kunama ya fi komai. Ga wanda aka riga aka cim masa, cikin ƙura da ihu, hannu na karkarwa, kowane ƙarin motsi na iya zama ajalinsa.

Samuel Colt ya sami takardar mallakar fasaharsa a Ingila a 1835, a Amurka kuma a 1836, kuma libarbarsa mai aiki ɗaya ce. Kamfaninsa na farko a garin Paterson ya durƙushe a 1842. Mahayan Tekzas ne suka farfaɗo da shi, waɗanda suka ga amfanin harbi biyar a jere daga kan doki a karawarsu da ƙabilar Kamanci, har kyaftin ɗinsu Samuel Walker ya taimaka aka tsara wata ƙatuwa a 1847, mai nauyin kusan kilo biyu, aka ƙera wa soja guda 1,000. To amma shekara ɗaya kacal bayan takardar Colt ta Amurka, wato a 1837, Ethan Allen ya sami tasa a kan kunama mai ɗana kanta, ya riƙa ƙera ƙananan bindigogi masu bututu da yawa da ke juyawa, waɗanda suka yi kasuwa wajen matafiya da masu haƙar zinariya. Tun daga nan an ga rabon: mahayin fili ya ɗauki ta Colt, mai tsoron ɓarawo a ɗakin kwana ko a lungu ya sa ta Allen a aljihu. Karon gaba da gaba ya zo a babban baje-kolin Landan na 1851, inda Colt ya baza hajarsa, maƙerin Landan Robert Adams kuma ya fito da tasa mai harbi biyar. Gudumar libarbar Adams ba ta ma da ƙahon da yatsa zai kama, kunama kaɗai ke ɗana ta.

Yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856 shi ya gwada su. Gwamnatin Birtaniya ta sayi dubban bindigogin Colt, wanda ya buɗe masana'anta a Landan, hafsoshi da yawa kuma suka sayi na Adams da kuɗin aljihunsu. Wani hafsa na runduna ta 88 ya rubuta wa Adams bayan gumurzun Inkerman na 1854 cewa ya harbe sojojin Rasha huɗu da suka kewaye shi, kuma da sai ya ɗana kafin kowane harbi da ya rasa ransa. Wasiƙa ce da ɗan kasuwa ya yi talla da ita, ya kamata a karanta ta da wannan sanin, amma irin faɗan da ta kwatanta gaskiya ne. Duk da haka ba a daina kukan cewa ta Adams ba ta da saiti daga nesa ba, sai Laftanar Frederick Beaumont na rundunar injiniyoyi ya gyara ta a 1855, ya ba guduma ƙaho, ta yadda mai ita zai ɗana da yatsa in yana da lokaci, ko ya ja kunama kawai in an matsa masa. Sojan Birtaniya ya karɓi wannan a 1856, kuma a wannan shekarar Colt ya rufe masana'antarsa ta Landan. Wani zai ce kishin ƙasa ne ya kori Ba'amurke, wani kuma ya ce girman harsashin Adams ne ya ba shi nasara, tunda na Colt da ya fi yawo a lokacin ƙarami ne. Duka biyun sun yi tasiri. Sai dai kishin ƙasa bai hana gwamnatin nan sayen dubban Colt a tsakiyar yaƙi ba, girman harsashi kuma bai bayyana dalilin da ya sa ba a amince da ta Adams gaba ɗaya ba sai da Beaumont ya taɓa kunamar. Hafsan Birtaniya da takobi yake jagorantar mutanensa, libarba kuwa ta ranar da layi ya karye ce, shi ya sa ya nemi wadda za ta tashi nan take.

Amurka ta ƙi bin wannan hanya har tsawon wasu shekaru talatin da ɗoriya, kuma ba rashin sani ya hana ta ba. A yaƙin basasarta an sayi libarbar Starr ta 1858 mai aiki biyu, amma hukumar makamai ta nemi kamfanin ya sauya ta, aka fito da ta 1863 mai aiki ɗaya, a kusan rabin kuɗin ta farko. Wannan komawa baya ce da gangan, a tsakiyar yaƙi. Shekara goma bayan haka soja ya zaɓi shahararriyar Colt ta 1873, ita ma mai aiki ɗaya, alhali a wannan shekarar Faransa ta ba sojanta mai aiki biyu. A nan ne hujjar masu cewa batun kuɗi ne da ƙarko kawai take da ƙarfi, kuma ba za a iya ture ta ba. Mai aiki biyu tana da ƙananan ƙarafa da sifirin masu yawa, ta farko da Colt ya yi a 1877 ta yi ƙaurin suna wajen lalacewa, sojan da ke sansani mai nisan kwanaki daga maƙeri kuwa yana da dalilin son abin da ba ya ɓaci. Amma ƙarko ba ya tsayawa shi kaɗai, kullum ana auna shi ne da abin da za a rasa. Ga mahayin filayen yamma, wanda ke ɗaga bindiga bayan kowane harbi, babban yatsa ya ɗana ta yayin da take saukowa, saurin kunama bai ƙara masa abin da ya kai haɗarin lalacewa ba. Maƙeran Birmingham da Landan sun fuskanci matsalar ƙarkon nan, suka dage suka warware ta, saboda masu sayen kayansu ba za su karɓi wani abu daban ba. Libarbar Webley da Birtaniya ta amince da ita a 1887 mai aiki biyu ce, kuma ba wanda ya taɓa zarginta da rauni. Irinta ce libarbar aikin sojan Birtaniya a lokacin da dakarun Lugga suka ci Kano a Fabrairu da Sakkwato a Maris na 1903, ko da yake bindigar Maxim da igwa ne suka yanke waɗannan yaƙe-yaƙe.

Shaidar da ta fi kowace bayyana tambaya ta biyu daga Rasha ta fito. A 1895 daular ta karɓi libarba mai harbi bakwai ta maƙerin Beljiyam Léon Nagant, ta kuma sa aka riƙa yin ta iri biyu: mai aiki biyu ta hafsoshi, mai aiki ɗaya ta ƙananan sojoji. Siffa ɗaya, harsashi ɗaya, masana'anta ɗaya, don haka a nan ba za a fake da ƙarko ko rashin fasaha ba. Tunanin manya shi ne ƙaramin soja in ya firgita zai zazzage harsasansa a banza, gara a tilasta masa ya tsaya ya ɗana. Wato babban yatsa ya zama takunkumi. Bayan juyin juya halin 1917 aka watsar da wannan bambanci, aka koma yi wa kowa mai aiki biyu. Abin ya kamata ya tsaya wa mai karatu a rai, domin sojan da aka rage wa saurin harbi shi ne aka fi turawa inda ake mutuwa, kuma an yanke masa wannan hukunci ne a ofis, bisa zaton da ake yi wa hankalinsa.

Akwai ƙorafin da ya fi waɗannan nauyi. Ai kafin a shiga ƙarni na 20 kusan kowa ya koma mai aiki biyu: Amurka ma ta karɓe ta a 1892, kamfanin Smith & Wesson ya fito da tasa ta soja da ƴan sanda a 1899, wadda aka ƙera fiye da miliyan shida. Ed McGivern kuma ya nuna a 1932 cewa ƙwararren hannu na iya harbi biyar da ita cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, duka a wuri guda. Ashe ba ita ce mafi kyau ba? Amsa ita ce wadda ta ci kasuwa tsarin Beaumont ne, mai ƙaho, wadda ta haɗa hanyoyin biyu ta bar wa mai riƙo zaɓi. Sannan mai riƙon ma ya sauya. Sojan doki ya shuɗe, soja ya koma ga fistol mai loda kanta, babban mai sayen libarba ya zama ɗan sandan birni, wanda faɗansa a matattakala ne ko a bakin ƙofa. Da aka zo nan sai laushin kunama, wanda a da shi ne abin alfahari, ya zama abin tsoro. Birtaniya ta yanke ƙahon gudumar libarbar Enfield a 1938, ana cewa don kada ya maƙale wa ƴan tankar yaƙi, kuma hakan ya dace da horon harbin kusa da ake ba sojoji. Daga baya manyan rundunonin ƴan sandan Amurka, har da na Los Anjalis da Niu Yok, suka hana ɗana libarba da yatsa kwata-kwata, domin ɗan sandan da ya ɗana bindiga ya auna wanda ake tuhuma, zuciyarsa na bugawa, ɗan firgici kaɗan ya isa ya kashe mutumin da bai yi niyyar kashewa ba. Rasha ta ji tsoron soja zai yi harbi da yawa, sai ta ba shi mai aiki ɗaya. Waɗannan rundunoni sun ji tsoron harbi ɗaya na kuskure, sai suka ɗora wa manuni kilo biyar. Damuwarsu ta fi ta Rasha daraja nesa ba kusa ba, tunda ran ɗan Adam suke tattali, amma su ma hannun ma'aikacinsu suka auna kafin su zaɓi ƙarfen.

Mai aiki ɗaya kuwa ba ta mutu ba, ko da yake tana da aibin da masoyanta ba su cika son ambata ba. A tsohon tsarin Colt, in guduma na kwance a kan harsashi, faɗuwa ƙasa ko bugun ƙeya na iya tayar da ita, shi ya sa masu hankali ke loda biyar su bar gurbi na shida fanko a ƙarƙashin guduma. Colt ya daina ƙera ta 1873 a farkon yaƙin duniya na biyu, amma fina-finan kaboyi na silima da talabijin suka tayar da kasuwarta, kamfanin Ruger ya shigo da tasa a 1953, Colt ya dawo da tasa a 1956. Aibin ya biyo su zuwa hannun sababbin masu saye da ba su gaji al'adar gurbin fanko ba, aka yi ta samun haɗurra, har Ruger ya sake tsarin a 1973, ya sa wani ɗan ƙarfe tsakanin guduma da allurar da ke dukan harsashi, wanda ba ya hawa sai an ja kunama, dabarar da kamfanin Iver Johnson ya riga ya yi amfani da ita tun shekarun 1890. A yau masu sayen mai aiki ɗaya mafarautan Amurka ne masu amfani da manyan harsasai, da ƴan gasar harbi irin ta kaboyi, mutanen da ke da lokacin aunawa, kuma ba mai rugowa kansu da wuƙa.