Asalin Kalma: Jere

Kalmar jere ta fito ne daga aikatau jera, wato a ajiye abubuwa ɗaya na bin ɗaya bisa tsari. Daga wannan saiwa aka samu jeri, da jerin gwano, da "a jere", kamar a ce ruwa ya kwana biyu a jere yana zuba. Amma idan mace ta ce "gobe za mu je jere", kowa ya san ɗakin amarya take nufi.

Kafin a kai amarya, gwaggonni da innoni da yayye mata ne ke zuwa su shirya mata ɗaki. A ƙauye a da, sai an yi daɓe an yayyafa ruwan makuba, wanda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ƙasa ta yi ƙarfi da sheƙi. Sannan a ɗora ƙore masu sassaƙa, babba a ƙasa, ƙarama a sama, a rataye wasu a ragaya, a ƙawata bango da fayafai masu rini.

Da fatauci ya bunƙasa, kayan suka sauya, sunayensu ma na nuna hanyar da suka biyo. Tasa da katifa daga Larabci suke, kabad kuwa daga Ingilishi. Jere dai bai sauya suna ba, domin aikin yake nufi, ba kayan ba.

Shi ya sa ake yaba jere da tsari da tsabta kafin tsada. Ya kamata iyaye su riƙe wannan, kada gasar kayan ɗaki ta jefa su cikin bashi.