Kufur Rakib: Ƙauyen da Sunansa Ya Shiga Littattafan Ɗibbu

A arewacin ƙasar Urdun, wadda mutanen zamani suka fi sani da Jodan, kudu maso yamma da birnin Irbid, inda duwatsun Ajlun suke gangarawa sannu a hankali zuwa kwarin Kogin Urdun, akwai wata gunduma mai suna Kura, ƙasar zaitun da alkama, wadda fadar mulkinta take a garin Dair Abi Sa'id. A cikin ƙauyukanta akwai wani da ake kira Kufur Rakib, wanda, da al'amura sun tafi yadda suka saba tafiya, da ba mai jin sunansa sai maƙwabtansa da masu karɓar haraji. Amma ga shi yau duk likitan da ya ƙware a kan cututtukan da ke hana jiki motsi, ko a Landan yake ko a Alƙahira, ya san wannan suna, ko da kuwa bai iya nuna wurin a taswira ba.

Ƙasar ba baƙuwa ba ce a tarihi. A gindin waɗannan duwatsu ne tsohon birnin Fihil yake, inda rundunar Musulmi ta gwabza da Rumawa wajen shekara ta 635, shekara guda kafin yaƙin Yarmuk. Kuma a cikin kwarin nan ne har yanzu ake ziyartar kaburburan Abu Ubaida ɗan Jarrahi da Shurahbilu ɗan Hasana da Mu'azu ɗan Jabal, Allah ya ƙara musu yarda, waɗanda takobin Rumawa bai same su ba, sai annobar shekara ta 18 bayan Hijira ta ɗauke su. Daga 1516 zuwa 1918 ƙasar tana ƙarƙashin daular Usmaniyya. Sa'ad da kuma aka kafa masarautar Sarki Abdullahi a 1921, mutanen Kura ne, a ƙarƙashin shaihinsu Kulaib Asshuraida na garin Tibna, suka ƙi a haɗa su da mulkin Irbid, suka kori rundunar da aka aiko musu, har sai da aka taimaka wa sabuwar gwamnati da jiragen saman Ingila kafin aka shawo kansu. Mutane ne masu riƙo da ƙasarsu da nasabarsu, kuma wannan riƙo, kamar yadda za a gani, yana da hannu a cikin abin da ya biyo baya.

Kafin a fahimci abin da likitoci suka gani a wannan ƙauye, wajibi ne a san cewa akwai larurori biyu waɗanda malaman ɗibbu suka daɗe suna ɗauka a matsayin gidaje biyu da ba su haɗa ƙofa ba. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ware wa karkarwa babinta, ya kuma ware wa ƙagewar gaɓoɓi nata babin a littafi na uku na Alƙanun. Bayansa da ƙarnuka, a 1817, wani likitan unguwa a Landan mai suna James Parkinson ya wallafa ɗan littafi a kan mutum shida masu rawar jiki da sunkuyawa da gajeren taku, waɗansu daga cikinsu ma a kan titi kawai ya gan su. Daga baya Charcot, babban malamin asibitin Salpêtrière na Faris, ya bayyana cewa sandarewa da nauyin motsi su ne ƙashin bayan ciwon, ba karkarwar ba, ya kuma raɗa masa sunan Parkinson. Wannan shi ne gida na farko, kuma galibi ciwon tsofaffi ne. Gida na biyu kuwa shi ne wanda Bajamushe Adolf Strümpell ya buɗe a 1880, da ya ba da labarin waɗansu 'yan'uwa biyu maza da ƙafafunsu suka ƙage a hankali, saboda lalacewar doguwar hanyar jijiya da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin laka.

Hannun likita shi ke rarrabe su, tun kafin a ƙirƙiro injunan ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Idan ya kama gwiwar hannun mai ciwon Parkinson ya lanƙwasa, zai ji tauri iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe, ko ya yi da sauri ko ya yi a hankali. Idan kuwa mai ƙagewar jijiya ne, to, gaɓar za ta cije masa gwargwadon saurinsa, sa'an nan ta saki gaba ɗaya kamar wuƙar aljihu mai naɗewa. Akwai kuma alamar da Babinski, almajirin Charcot, ya bayyana a 1896, watau a karce tafin ƙafa, sai babban yatsa ya ɗaga sama maimakon ya lanƙwashe ƙasa. Samun waɗannan alamomi duka a jikin mutum ɗaya, kuma yaro, abu ne da ya saɓa wa abin da aka karanta. Shi ya sa lokacin da Charles Davison na Niyu Yok ya ba da labarin marasa lafiya biyar masu irin wannan hali a 1954, aka rubuta abin a gefen littafi, aka ci gaba da sauran sha'ani.

Shekara arba'in bayan haka, a 1994, wata tawagar likitocin Urdun a ƙarƙashin Najmuddin, wanda ake rubuta sunansa Najim al-Din, ta wallafa a wata mujallar ilmin jijiya ta ƙasashen Iskandinabiya labarin wani gida na Kufur Rakib, inda uwa da uba 'yan'uwan juna ne, masu ƙoshin lafiya, amma 'ya'yansu biyar suka kamu da ciwo iri ɗaya. An haifi yaran lafiya, sun yi rarrafe, sun yi tafiya, sun yi wasa kamar sa'o'insu. Sai da suka kai gaɓar balaga, wajen shekara 13, a daidai lokacin da uba yake fara ganin mataimaki a gona, uwa kuma take fara ganin mataimakiya a ɗaki, sa'an nan fuska ta daina nuna abin da ke zuci, murya ta yi ƙasa, motsi ya yi nauyi, ƙafafu suka ƙage, idanu suka kasa ɗagawa su dubi sama, hankali kuma ya fara raguwa, har cikin ƙanƙanen lokaci yaro ya koma kwance sai an tayar, sai an ciyar. Wanda ya taɓa jinyar mutum ɗaya a gida ya san nauyinta. A nan kuwa jarrabawar sau biyar ta ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya, kuma kowane ƙane yana girma yana kallon abin da ya sami yayansa.

Abin da ya ɗaga darajar wannan rahoto shi ne abin da ya faru sa'ad da aka ba su lebodofa. Wannan magani yana da nasa isnadin: Arvid Carlsson na Suwidin ya nuna a 1957 cewa yana farfaɗo da zomayen da aka sandarar da su da magani, Hornykiewicz na Biyana ya tabbatar a 1960 cewa sinadarin dofamin ya ƙaranta a ƙwaƙwalwar masu ciwon Parkinson, Cotzias kuma ya gano a 1967 yadda za a riƙa ba da shi ta baki, ana ƙara gwargwado a hankali. Da aka gwada shi a kan yaran Kufur Rakib, sai sandarewar ta saki ta hanyar da ta ba likitocin mamaki, waɗanda suka daɗe a kwance suka sami motsi. Illa iyaka maganin rabin ciwon kaɗai ya taɓa, domin ƙagewar ƙafafu da raunin hankali ba daga ƙarancin dofamin suke ba. Da aka sake duba waɗanda suka rage daga cikinsu bayan shekara goma, a wani rahoto na 2005, an tarar ƙarfin maganin ya ragu, ya kuma haifar da fizge-fizgen gaɓoɓi, ga gane-gane na abin da babu shi, ga wani ɗan motsi mai sauri a fuska da maƙogwaro da yatsu.

Likitocin ba su sa wa ciwon sunan ɗaya daga cikinsu ba, kuma, abin yabo, ba su tona sunan gidan ba. Sai suka sa masa sunan ƙauyen. Al'ada ce tsohuwa. Annobar nan da ta ci sahabbai ana kiranta annobar Amwas, da sunan wani ƙauyen Falasɗinu inda ta fara ɓulla a cikin runduna. Mu ma nan mun ga yadda garin Lasa na kudancin Borno ya wayi gari a 1969 sunansa ya zama sunan zazzaɓi. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masana su daina raɗa wa sababbin cututtuka masu yaɗuwa sunayen garuruwa, kuma a ganina hujjarta ta fi ƙarfi ma a kan cututtukan gado, domin a ƙasar da ake binciken asali kafin a ba da aure, sunan ƙauye a kan ciwon gado yana iya zama tabo ga 'yan mata da samari masu yawa waɗanda ba su da alaƙa da shi, alhali kuwa gida ɗaya ne tak aka bayyana.

Batun aure shi ne wurin da ya kamata a taka sannu. Auren 'yar baffa al'ada ce mai tushe a ƙauyukan Sham, shari'a ta halatta shi, hikimarsa kuma a fili take ga manomi: gonar zaitun ba ta fita daga dangi, an san tarbiyyar yarinya, sadaki yana da sauƙi, in saɓani ya taso kuma dattijo ɗaya ke sulhunta ɓangarorin biyu. Binciken da aka yi a Urdun a ƙarshen ƙarnin da ya wuce ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na aure tsakanin 'ya'yan wa da ƙane ne ko makamancinsu. Ilmin gado kuwa ya nuna cewa kowane mutum yana ɗauke da kowace ƙwayar gado biyu-biyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. In ɗaya ta sami naƙasu, ɗayar tana rufa mata asiri, mai ita ya rayu lafiya bai sani ba. Amma in miji da mata duk suna ɗauke da naƙasu a ƙwaya guda, to, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Wannan lissafi ba baƙo ba ne ga wanda ya san yadda sikila take shiga gida. 'Ya'yan wa da ƙane sun yi tarayya a kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin gadonsu, saboda haka naƙasun da kaka ɗaya ya bari yana iya bin hanya biyu ya sake haɗuwa a jikin tattaɓa-kunnensa.

Sai dai wannan nasaba da ta tara ciwon ita ce kuma ta ba da mabuɗinsa. Domin gidan ya san wa ya haifi wa, kuma ya yarda a ɗebi jinin mai lafiya da marar lafiya, masu bincike suka iya bin sawun gadon, har a 2001 suka killace shi a wani yanki na kuromosom na ɗaya. Sa'an nan taimako ya zo daga inda ba a zata ba, watau daga ƙasar Cile ta Kudancin Amurka, inda aka sami wani babban gida mai irin wannan ciwo, alhali uwa da uba ba su haɗa dangi ba: kowannensu ya zo da nasa naƙasun dabam, a cikin ƙwaya guda. Da aka gwama gidajen biyu, Alfredo Ramirez da Christian Kubisch da abokan aikinsu a Jamus suka bayyana a 2006 cewa ƙwayar ita ce wadda ake kira ATP13A2, kuma a gidan Kufur Rakib haruffan gado 22 ne suka maimaitu, suka ɓata karatun sauran. Gidan Cile hujja ce a kan mai gaggawar ɗora laifin duka a kan auren zumunci, kamar yadda gidan Urdun yake hujja a kan mai musun cewa auren zumunci yana ƙara haɗarin. Adalci shi ne a faɗa wa mutane duka biyun.

Daga nan ilmin ya yi rassa. A 2008 wani gida a Iran ya nuna cewa naƙasu a wata ƙwaya dabam, FBXO7, yana kawo haɗuwar larurorin biyu, watau abin da Davison ya gani ba ciwo ɗaya ba ne, dangi ne na cututtuka. A 2017 kuma aka tabbatar cewa ita ATP13A2 ɗin tana iya bayyana a waɗansu gidaje da siffar ƙagewar ƙafafu irin ta Strümpell, ta haka katangar da ke tsakanin larurorin nan biyu ta ƙara rushewa.

Aikin ƙwayar ATP13A2 kansa sai a 2020 aka warware shi, a jami'ar Leuven ta Beljiyam. A cikin kusan kowace ƙwayar halitta akwai waɗansu 'yan jakunkuna masu narkar da tarkace, kuma furotin ɗin da ATP13A2 ke ginawa yana zaune a bangonsu yana fitar da waɗansu sinadarai da ake kira foliyamin zuwa cikin ƙwayar. In ya lalace sai su taru, jakunkunan su kumbura su fashe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kuma, waɗanda ba a sake su in sun mutu, su ne farkon shan wahala. Waɗanda aka tabbatar suna da ciwon Kufur Rakib a duniya duka, daga Italiya da Barazil da Japan da Pakistan da sauransu, ba su wuce 'yan gommai ba, kuma abin da likita yake iya miƙa musu har yanzu shi ne lebodofa domin sandarewa, da magungunan sassauta tsoka, da motsa gaɓoɓi kullum don kada su daskare, da gwajin jini ga 'yan'uwansu masu lafiya waɗanda suke son sanin abin da suke ɗauke da shi kafin su yi aure.