Likita Mila: Daga Korar Kano Zuwa Majami'un Karkararmu

 Mu da muka tsufa da alli a hannu mun lura cewa yawancin 'ya'yanmu Kirista ba su san wahalar da aka sha ba kafin bishara ta iso ƙauyukan iyayensu. Shi ya sa muka ga ya dace mu tuna da Dakta Walter Miller, wanda Zazzagawa suka fi sani da Likita Mila.

An haife shi a Ingila a 1872. Kafin ya tako ƙasar Hausa, sai da ya zauna a Tarabulus ta Libiya yana koyon harshenmu a bakin fatake da mahajjata. A can ya gamu da wani yaro Bakatsine, Abdul Majid Tafida, wanda daga baya ya zama na hannun damansa wajen aikin fassara. Ashe tun farkon labarin akwai hannun Katsina a ciki.

A 1900 su biyar suka taso daga Ikko a ƙarƙashin Bishop Tugwell na mishan ɗin CMS, suka isa Kano a watan Afrilu. Sarkin Kano Alu bai karɓe su ba. 'Yan kwanaki kawai ya ba su su bar garin. Adalci ne mu faɗi cewa Sarki yana da dalilinsa. A watan Janairun shekarar ne Lugga ya shelanta mulkin Ingila a kan Arewa, kuma shekara uku bayan haka sojojin Turawa suka ci Kano. Wa zai iya bambance mai wa'azi da ɗan leƙen asiri a irin wannan lokaci?

Suka juyo suka ya da zango a Girku, kudu da Zariya, garin da Walter Gowans, ɗaya daga cikin mutum uku da suka kafa mishan ɗin SIM, ya rasu a 1894. Nan cuta ta kashe abokin tafiyarsu Dudley Ryder, wuta kuma ta cinye masaukinsu. Tafiyar ta watse, kowa ya ɗauka zance ya ƙare.

Amma Likita Mila ya dawo. A 1905 ya samu izinin zama a cikin birnin Zazzau, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Tsananin da ya fi daɗewa a kansa ma daga 'yan'uwansa Turawan mulki ya fito, domin su ne suka yi shekaru suna taƙaita aikin mishan a ƙasashen sarakuna. A 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa, a bayan gari. A 1932 kuwa aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da ya ba da ƙuruciyarsa dominsa. Ya rasu a 1952.

Mutanen da ya gani sun ba da gaskiya a hannunsa ba su da yawa. To, amma daga Wusasa aka samu Dakta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu. Littafin 1932 kuwa shi ne masu bishara 'yan ƙasa suka riƙa ɗauka a ƙafa da kan keke zuwa gidajen Maguzawan kudancin Katsina, bayan da SIM ta fara aikin jinyar kutare a Babbar Ruga. Da shi iyayenmu da dama suka koyi karatu a gindin bishiya. A 2023 aka naɗa Gerald Musa Bishop na farko na Katolika a Katsina, shi ma ɗan wannan ƙasa tamu.

'Yan'uwa, wahalar zamaninmu ta wani fanni ce. Ba mu manta da watan Disamba na 2020 ba, lokacin da aka sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Ɓarayin daji ba su tambayi addinin kowa ba a Faskari da Sabuwa. Masallaci da majami'a duk sun yi makoki. Da yawanmu mun daina zuwa gida, har wasu sun kwashe iyayensu zuwa birni, ba kuwa ma ganin laifinsu.

Sai dai abin da muka koya daga Likita Mila shi ne, an kore shi bai yi ramuwa ba, bai kuma yi zuciya ya tafi ba. Ya dawo da magani da allo, ya yi wa kowa hidima. Fastoci da malaman makaranta da suka rage a ƙauyukanmu suna buƙatar irin wannan daga gare mu: littattafai, magunguna, kuɗin makarantar marayu, da ziyara idan hanya ta yi kyau. Muna roƙon kowane reshe ya sa wannan a cikin ajandar taronsa na bana.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya bar mu tare. Amin.