Masu Haƙan Hanyoyin Ruwa da na Dogo a Birtaniya

A shekarar 1761 aka buɗe hanyar ruwa ta Bridgewater, wadda injiniya James Brindley ya yi aikinta domin kai kwal daga ma'adinan Worsley zuwa birnin Manchester, kuma daga nan ne haƙan irin waɗannan hanyoyi ya zama sana'a mai zaman kanta a Ingila. Da yake jiragen ruwa ake haƙa wa hanyoyin, sai aka laƙaba wa leburorin sunan da ake kiran masu tuƙa jirgi da shi, wanda bakin jama'a ya taƙaita ya koma "navvy". Sunan ya bi su zuwa aikin layin dogo, wanda ya bunƙasa bayan buɗe layin Liverpool da Manchester a 1830.

Kayan aikinsu ba su wuce diga da shebur da baro da albarushin fasa dutse ba. Idan haƙa ta yi zurfi, akan jingina katakai daga ƙasan rami zuwa bakinsa, a ɗaura igiya a baro, doki yana ja daga sama, leburan kuwa yana riƙe da hannuwan baron yana hawa, ta yadda in dokin ya yi tuntuɓe ko igiyar ta tsinke, mutum da kaya sukan faɗo tare. Ma'aikatan sun haɗa da mutanen Ingila da Scotland da Ayilan, suna zama a bukkoki kusa da wurin aiki, kuma 'yan kwangila da yawa sukan jinkirta biyan lada, su ba su takardun karɓar kaya a kantin 'yan kwangilar, inda abinci ke da tsada ga rashin kyau.

Aikin ramin jirgin ƙasa na Woodhead, wanda aka huda ƙarƙashin tsaunukan Pennine tsakanin 1839 da 1845, shi ya fito da halin da suke ciki fili, domin sama da mutum 30 suka rasa rayukansu, wasu masu yawa suka naƙasa. Wani mai fafutukar gyaran al'umma, Edwin Chadwick, ya yaɗa waɗannan alƙaluma har majalisar dokoki ta kafa kwamitin bincike a 1846, amma shawarwarin kwamitin ba su zama doka ba a lokacin, sai a 1880 aka yi dokar da ta buɗe wa ma'aikata ƙofar neman diyya daga masu ɗaukarsu aiki.

Duk da wannan sakaci, ƙwarewarsu ta kai su ƙetare, domin ɗan kwangila Thomas Brassey ya tafi da su Faransa aikin layin Paris zuwa Rouen a 1841. Sana'ar ta soma ja da baya ne lokacin da injinan haƙa masu aiki da tururi suka yawaita, kamar yadda aka gani a mashigin jiragen ruwa na Manchester da aka buɗe a 1894, inda injinan suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa da dubban masu shebur.