Aristotal da Rabe-raben Abota

Littafin Aristotal na ɗa'a, Nicomachean Ethics, kashi 10 ne, amma biyu cur, na 8 da na 9, a kan abota suke. Malaminsa Aflatun ya riga shi taɓo batun a cikin Lysis, sai dai muhawarar ta watse ba a cimma matsaya ba.

Kalmar da Girkawan ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa ke amfani da ita, philia, ta fi tamu faɗi, domin ta haɗa har da ƙaunar uwa ga ɗanta da zaman 'yan gari ɗaya. Aristotal ya kasa ta uku. Akwai abotar amfani, wadda ya fi gani tsakanin tsofaffi. Ranar da amfanin ya yanke, ita ma ta yanke. Akwai ta jin daɗi, ta samari, mai saurin ƙulluwa da saurin warwarewa. Ta uku ta mutanen kirki ce, inda kowa ke so wa abokinsa alheri saboda shi kansa.

Abin lura, bai hana biyun farko sunan abota ba. Ya dai ce ta ukun ƙaranci gare ta, kuma ya kafa hujja da karin maganar Girkawa cewa ba a sanin mutum sai an daɗe ana cin gishiri tare.